Shekarar da korona ta tsayar da kekuna: wa aka ceta, wa aka bari a hanya?

Bakaniken Keke, Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da yamma ina kakkaɓe rumfa, can ƙasan akwatin da nake zuba tsoffin sarƙoƙi da feda, sai na ci karo da wata riga mai ruwan ɗorawa, irin matsattsiyar nan mai aljihu uku a baya. Baƙin mai ya ɓata ta, ɓera ya ci gefen wuyan. Ta wani yaro ce ɗan tseren keke da nake yi wa gyara kyauta a da. Kullum ana idar da sallar asuba zai tashi daga nan Damagaram ya kama hanyar Mirya, ya je ya dawo sau biyu kafin rana ta buɗe, ranar da ba lakwal kuma ya nufi Takeita. A farkon 2020 an fara maganar za a kira shi Yamai a gwada shi. Sai korona ta shigo. Yau kabu-kabu yake ja, da ƴaƴansa biyu.

Da abin na kwana a rai. A shekarar 2020 ɗin dai Turawa sun yi babban tseren kekensu na Faransa, Tour de France, a rumfar nan muka kalla, muna karkata eriya saboda hadari. To me ya sa nasu ya tashi, namu ya kwanta? Masu ilimin abin ku warware mini.

Malamin Lakwal:
Wa alaikumus salam Maigida. Nasu ma ya sha wuya, sai dai yana da masu jinya.

Tun ƙarshen Fabrairun 2020 abin ya fara taɓa su, mu a nan ko mutum ɗaya ba a samu ba tukuna, don sai 19 ga Maris aka sanar da na farko a Yamai. Ana tsakiyar tseren Daular Larabawa, an yi zango biyar, wato tseren yini biyar, saura biyu, aka yi zargin cutar a jikin wasu ma'aikata biyu ƴan Italiya. A daren aka tsayar da komai, aka rufe ƴan tsere a otal a Abu Dabi, aka bai wa Adam Yates nasara tunda shi ke gaba. Daga nan Italiya ta ɗage nata. Faransa ta matsa aka yi tseren Paris-Nice, shi ma aka yanke masa zangon ƙarshe, ya ƙare 14 ga Maris. Daga ranar har 1 ga Agusta ba a sake babban tsere ba. Wata huɗu da rabi ke nan, kuma a cikinsu ne kakar tseren take, kamar a ce manomi ya zauna a ɗaki daga saukar ruwan fari har gero ya yi kai.

Da aka buɗe sai suka cusa aikin wata takwas a cikin wata uku da ƴan kwanaki. Tur na Faransa da aka saba yi a Yuli ya koma 29 ga Agusta zuwa 20 ga Satumba. Giro na Italiya da ake yi a Mayu ya koma Oktoba, kuma maimakon ya tashi daga Hangari kamar yadda aka tsara, sai ya tashi daga Sisili. Vuelta ta Sifaniya aka rage ta daga zango 21 zuwa 18, ta ƙare 8 ga Nuwamba cikin sanyi. Gasar duniya aka ɗauke ta daga Suwizalan aka kai Imola a Italiya.

Ɗan Birni:
Ni fa Malam, wannan lissafin shi ke tayar mini da hankali. Shekarar da aka rufe mana masallatai, aka hana jam'i, ba wanda ya tafi aikin Hajji daga ƙasar nan, a shekarar ne wasu ƙarti 176 suka yi mako uku suna zagaya ƙasa a kan keke, suna haki a fuskar juna. In cutar ta kai a hana sujada kafaɗa da kafaɗa, ba ta kai a hana wasa ba? Kuɗi ne kawai.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Ɗan'uwa, zafin da kake ji na gane shi, ni ma na yi azumin shekarar ban taka masallaci ba. Amma a daidaita lokutan. Mu an buɗe mana masallatai tun tsakiyar Mayu, jiragen sama suka dawo farkon Agusta. Lokacin da Tur ya tashi, nan kowa yana jam'insa. A watannin da aka rufe mu, su ma a rufe suke, har sun fi mu, don a Faransa sai da takarda mutum ke fita ƙofar gidansa.

Inda na yarda da kai shi ne batun gwaji. Kowace ƙungiya kusan mutum 30 ce in an haɗa da direbobi da bakanikai da masu dafa abinci, ƙungiya 22. Duk an zura musu tsinken nan a hanci sau biyu kafin a tashi, aka kuma sake a ranakun hutu, sakamako ya fito cikin kwana ɗaya. Mutane ne masu lafiya garau. Mu kuwa a farkon abin, tsoho na gabanka numfashi na yi masa wuya, sai ka ɗauki samfur a aika Yamai, kilomita wajen 900, ka zauna jira, ƴaƴansa na tsaye a bakin ƙofa suna tambayarka me ke damun Baba. Wannan har yau bai bar raina ba.

Ɗan Birni:
To kin ga ni, Yaya. Maganata ke nan, kin ma fi ni iya faɗa.

Malamin Lakwal:
Kuɗi ne, ban musa ba. Amma a duba kuɗin wa, kuma ta ina yake shigowa, don a nan amsar Maigida take.

Ƙwallon ƙafa yana da fili, yana da ƙofa, ana sayar da tikiti, kulob kuma na samun kaso mai tsoka daga kuɗin talabijin. Kokowa ma da muke yi akwai fili, akwai mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Tseren keke a kan titin kowa ake yin sa. Wanda ya tsaya bakin hanya ko dala ba ya biya. Kuɗin talabijin da abin da garuruwa ke biya don a sauka a cikinsu, aljihun mai shirya gasar suke shiga, wato kamfanin ASO a wajen Tur. Ƙungiyoyi kuwa kusan duk abincinsu daga kamfanin da sunansa ke kan riga yake. Shi ya sa ƙungiyar ba ta da sunan gari, sunan kamfanin take ɗauka, ya tafi sunan ya tafi. Kamfanin nan abin da yake saye shi ne a ga sunansa a talabijin, kuma mafi yawan ganin a mako ukun Tur ake yin sa. A rasa Tur shekara guda, kamfanoni da yawa sai su ce me muka saya.

Ba a ma kai nan ba aka fara gani. CCC kamfanin takalma ne na Folan, shagunansa suka rufe, ya sallami ma'aikatan ƙungiyar na ɗan lokaci, ya zabtare albashin ƴan tsere, ƙarshen shekara ya janye gaba ɗaya. Astana ta rage albashi da kashi 30 cikin 100. Wanda ya ci Tur yana karɓar yuro 500,000, wajen miliyan 328 na sefa, sai a ɗauka kowa a cikin daula yake. Bakaniken da ke wanke kekuna takwas kowane dare a bayan otal ba ya cikin wannan daular, kuma shi aka fara cewa ya zauna gida.

Bakaniken Keke, Sabon Gari:
Allah sarki. Ashe ko a can mai sifana ne ke fara shan ta.

Ɗan Zango a Faransa:
Salamu alaikum ƴan gida, ina gaida iyayena da ke nan. Ni ina Nice ranar da aka tashi, 29 ga Agusta, gani ya kori ji. A lokacin yankin yana cikin inda cutar ke ƙaruwa, har ana gobe mutane na cewa ba za a yi ba. Sun kafa dogayen allunan shinge a wurin tashi da wurin sauka, ba ka ko hango motocin ƙungiyoyi. A da yaro zai miƙa hula a sa masa hannu, a wannan shekarar ko kusa. Kowa da takunkumi, ƴan sanda na bi suna duba fuska.

Sai kuma aka yi ruwa, bayan an daɗe ba a yi ba, titi ya zama kamar an zuba masa sabulu. A wata kwana da na tsaya na ga mutum uku sun zube a gabana, ɗaya ya tashi wandonsa a yage, cinya duk jini, ya lalubo kekensa ya hau bai ko duba ciwon ba. Abin da na lura, ba ihun da na saba ji. Kana jin ƙarar sarƙa da kukan birki sarai. Wanda ya san hawan salla a ƙofar fada, ya ɗauka an yi shi ba kiɗa ba algaita, dawakai kawai na wucewa. Haka na ji a jikina.

Dokarsu ita ce in aka samu mutum biyu da cutar a ƙungiya ɗaya cikin kwana bakwai, ƙungiyar duka ta tattara. Ranar hutun farko aka samu ma'aikata huɗu, kowanne a ƙungiyarsa daban, sai kowa ya tsira da ƙyar. Shi kansa shugaban gasar, Christian Prudhomme, ya kamu, ya bar tseren na mako guda. Firaministan lokacin, Jean Castex, da ya shiga motarsa kwanaki kaɗan kafin nan, sai da ya killace kansa.

Ɗan Birni:
To ai ka ji. Mai gasar ma bai tsira ba. Sa'a suka taka, ba dabara ba.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Akwai sa'a, akwai dabara. Dabarar ita ce raba su gida-gida, kowace ƙungiya da hawanta a otal da ɗakin cin abincinta, ba cuɗanya da ƴan jarida. A kan titi iska na kaɗawa, hatsarin bai kai na ɗaki ba. Wurin da cutar ke kama su shi ne mota da teburin abinci. Giro ya nuna haka, don a can an haɗa su otal da wasu baƙi. Simon Yates ya kamu kafin zango na 8, bayan ranar hutu ƙungiyarsa Mitchelton-Scott ta fice duka, Jumbo-Visma ma ta bi bayanta da jagoranta Kruijswijk ya kamu. Saura ƙiris a tsayar da gasar.

Kuma bai ƙare a 2020 ba. A Giro na 2023 Remco Evenepoel ya ci zango na 9, ya ƙwato rigar jagora, wadda na gaba a gasar ke sawa, a daren gwaji ya nuna yana ɗauke da ita, ya koma gida. Mutumin da huhu ne jarinsa ba ya wasa da cutar huhu.

Ɗalibi a Jami'a:
Malamai ku yi haƙuri in shigo da ɓangaren wasan. Ni har yau ina ganin ba don korona ba Pogacar ɗan Sulobeniya bai ci Tur na 2020 ba. Ƴan Faransa da Sifaniya da Italiya an kulle su a gida makonni, suna taka keken da aka ɗaure wuri ɗaya a falo suna kallon allo. Ƴan Beljiyam da Holan an bar su suna fita titi. Ƴan Sulobeniya har gasar ƙasa suka yi a Yuni, Roglic da Pogacar suna kara wa juna. Ba a tashi daga layi ɗaya ba. Bernal da ya ci 2019 bayansa ya hana shi ƙarasawa.

Malamin Lakwal:
Rabin maganarka gaskiya ce, ɗana. Shirin bai zo daidai ba, har an koma yin tsere a intanet: a Afrilu Greg Van Avermaet ya ci wani tseren Falanda ta Beljiyam daga cikin gidansa, a Yuli aka yi Tur na kwamfuta a manhajar Zwift. Amma ka tuna zango na 20. Tseren agogo ne, kowa shi kaɗai, ba mai kare maka iska, a ƙare a hawan La Planche des Belles Filles. Roglic ya shiga da ratar sakan 57 a gaban Pogacar, ya fito yana baya da sakan 59. Su biyun ƙasarsu ɗaya, kullen da aka yi musu ɗaya. Pogacar washegarin gama gasar ya cika shekara 22. Ya sake ci a 2021, da 2024, da 2025. Korona ba ta taka masa feda ba.

Bakaniken Keke, Sabon Gari:
Wannan rana ba na manta ta. Lokacin la'asar ne a nan, liman ya tada iƙama, muka bar tele a kunne muka fita. Muna sallamewa wani yaro ya leƙo yana cewa an ƙwace rigar jagora. Roglic zaune a kan kwalta, hularsa ta karkace, ido ya faɗa. Yaron nan nawa yana tsaye a bayana, bai ce uffan ba, sai da kowa ya watse ya ce, Baba, wannan shekara biyu kawai ya girme ni.

Ɗalibi a Jami'a:
Na karɓa, Malam. Amma cunkoson ya yi ɓarna. Kwana huɗu da buɗewa ɗan tsere Jakobsen ya daki shinge a Folan, da ƙyar ya rayu. Kwana goma bayan nan Evenepoel ya faɗa ƙarƙashin gada a Lombardiya. Ni ina ganin mutanen da kwantiraginsu zai ƙare, aka ce musu ga wata uku ku nuna kanku, dole su yi gangancin da ba su saba ba. Ga Giro da Vuelta sun hau kan juna, ranar 25 ga Oktoba ma so aka yi a haɗa su da Paris-Roubaix, tseren yini ɗaya na Faransa, rana ɗaya, sai aka soke Roubaix ɗin, karon farko tun yaƙin duniya na biyu.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Ka manta da mata. A shekarar ne aka shirya yi musu Paris-Roubaix na farko a tarihi, shi ma ya tafi. Sai Oktoban 2021 suka samu, Lizzie Deignan ta ci.

Malamin Lakwal:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma wannan ya kawo mu inda nake so mu je tun farko. Da jirgi ya fara nitsewa, sai suka zaɓi kayan da za a ceta. Manyan gasa uku na maza an cece su duka. Na yara aka zubar. Tour de l'Avenir, inda ƙungiyoyi ke zuwa zaɓen matasa, ba a yi ba. A Imola manya kawai suka yi tsere, babu na ƴan ƙasa da shekara 23, babu na ƙanana. In a Turai haka aka yi wa yaransu, ina ga namu?

Tour du Faso, wanda tun 1987 ake yi, shi ne mafi kusa da mu da ake ji da shi. Ba a yi shi a 2020 ba. Kuma ba karon farko ba ne, a 2014 ma an soke shi don tsoron Ebola, alhali cutar ba ta shiga Burkina ba. Tropicale Amissa Bongo ta Gabon an yi ta a Janairun 2020, daga nan shiru har 2023. Gasar zakarun Afirka ba a yi ta a 2020 ba, sai Maris 2021 a Alƙahira. Ƙungiya ɗaya tak da Afirka ke da ita a rukunin manya, ta Afirka ta Kudu, ta rasa kamfanin NTT a ƙarshen 2020, ta lallaɓa shekara guda da sunan Qhubeka, ƙarshen 2021 ta rufe.

Ku kwatanta da ƴan Kolambiya. Ƙasarsu a rufe, ba jirgi, sai aka ɗauko musu jirgi na musamman a Yulin 2020 daga Bogota zuwa Madrid, don ƙungiyoyin Turai na buƙatar su. Wanda ya riga ya shiga gidan, an aika masa jirgi. Wanda ke bakin zaure yana sallama, ba wanda ya amsa masa.

Ɗan Zango a Faransa:
Amma Malam, Biniam Girmay ɗan Eritiriya fa? A tsakiyar annobar ya fito. Azurfa a gasar duniya ta matasa a 2021, tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam da zango a Giro a 2022, a 2024 kuma zango uku a Tur da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki. Ga Ruwanda, ba ta fasa nata ba, ta dai matsar da na 2021 zuwa Mayu, har ta karɓi gasar duniya a Kigali a Satumbar 2025. Ba komai ne ya mutu ba.

Malamin Lakwal:
Biniam ai hujjata ce. A ina aka gan shi? A Gabon, Janairun 2019, ya ci zango yana ɗan shekara 18. Da korona ta zo ya riga ya sa hannu da ƙungiyar Delko ta Faransa, da bizarsa a fasfo. Da a 2002 aka haife shi maimakon 2000, shekarun da za a gan shi a Gabon su ne shekarun da ba a yi gasar ba. Ita Delkon ma ta rushe a 2021, Allah ya sa Intermarché ta ɗauke shi. Ruwanda kuwa gwamnati ce ta rungumi abin ta ce ba zai faɗi ba. Inda tseren ya dogara da ɗan abin da wani kamfani zai bayar ranar biki, da iska ta kaɗa shi ne farkon tafiya.

Dattijo daga Mirya:
Ƴaƴana, ni ban san sunayen nan da kuke kira ba, jikana ne ke karanta mini. Amma yaron da mai gyara ke faɗa na san shi da ido. Ina zaune bakin garkata da sassafe zai wuce, kansa a sunkuye kamar mai neman allura, ya ɗaga mini yatsa biyu. Wata rana tayarsa ta fashe daidai wurina, na ba shi ruwa a buta yana neman inda iska ke fita. Lokacin da garinmu ya rikice kan hana jam'i, a ƙarshen Maris ɗin nan, ya yi kwanaki bai zo ba, sai ya dawo. Har cikin azumi da zafin nan na Afrilu ina ganin sa. Bayan sallar layya ne na daina. Na ɗauka ya tafi Yamai ɗin. Ashe yana nan.

Mai Kabu-kabu:
Assalamu alaikum. Baba, ni ne. Abokina ya turo mini, na karanta tun daga sama. Kaka na Mirya, ina gaisuwa, ban manta butar ba.

Ina so in gyara abu ɗaya, don kada a ɗora wa korona abin da ba nata kaɗai ba. Da aka ce an ɗage kiran, ban karaya ba, na ce wata biyu ne. Abin da ya fara karya ni taya ce. Irin siririyar tayar keken tsere ba a samun ta a Kasuwar Dole, daga Kano ake kawo mana, iyakar kuma Nijeriya ta rufe ta tun Agustan 2019, kafin cutar. Da korona ta zo sai aka ƙara kulle a kan kulle. Tayata ta baya ta cinye har zare ya fito. Baba ya yanko tsohon tub ya shimfiɗa a ciki, ya ɗinke gefen da zaren buhu. Kowace juyawa sai na ji tik, tik, a ƙarƙashina. Faci goma sha ɗaya na ƙirga a tub ɗaya.

Na biyu abinci. Wanda ya yi kilomita 70 kafin hantsi cin mutum biyu yake yi. Mahaifina kaya yake ɗaukowa daga iyaka, aiki ya tsaya cak. Wata rana na dawo na tarar an ajiye mini kwanon tuwo cike, ƙannena kuma an raba musu ɗaya su uku. Ba wanda ya ce mini komai. Ban iya cinyewa ba.

Wanda ya yi mini alkawarin kiran na yi ta buga masa, yana cewa a ƙara haƙuri, ba kuɗi, ba gasa, daga baya ya daina ɗauka. Ban riƙe shi ba, shi ma ba abin da ke hannunsa. Bayan layya na sayar da ƙafafun keken da giyar, na haɗa da abin da Inna ta samu a adashe, na ba da kafin alƙalami na babur. Ranar da muka kalli Pogacar a rumfa, na riga na yi wata guda ina ɗaukar fasinja. Da aka dawo da tsere shekarata 22, nauyina ya ƙaru, na yi aure. A wannan wasan mai 22 da ba a taɓa gani ba ya tsufa.

Alhamdu lillahi, ina ci da iyalina. Amma in na ɗauki fasinja zuwa Mirya, akwai wani ɗan hawa da ke hanya, har yau ƙafata na motsi da kanta in na iso shi.

Ɗan Birni:
Ƙanena, ka sa na yi shiru. Ni da na shigo da faɗan Turawa. Ka yafe mini da na kira abin wasa.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Allah ya yi wa Inna albarka, ya raya maka yaran. Batun kwanon nan ya sa ni hawaye a wurin aiki.

Bakaniken Keke, Sabon Gari:
Ɗana, ban san za ka gani ba, da na nemi izininka kafin in rubuta. Gangar jikin keken tana nan rataye a bayan rumfa, ban bari an taɓa ba, ko da masu gwangwan suka yi ta taya ta. Ita ma tayar, lokacin ba mu kaɗai ba ne, Malam ya taɓa gaya mini duniya duka an yi ƙarancin kayan keke, har masana'antar Shimano ta Maleshiya sai da ta rufe na wani lokaci a 2021. Yanzu ana samu, sai dai tsada.

Mai Kabu-kabu:
Ba komai Baba, kai ubana ne. Ni dai na wuce. Amma autanmu shekararsa 15, ƙafarsa ta fi tawa tsawo, kullum a kan keken ɗaukar ruwa yake yin tsere da ƴan unguwa, da jarka biyu a baya yana wuce su. In gangar jikin za ta tashi, a tada masa.

Ɗan Zango a Faransa:
Baba, ƙafafu biyu da tayoyi huɗu da sarƙa suna wuyana. Akwai na hannu masu kyau a nan da ake sayarwa da arha in kaka ta ƙare. Wani ɗan'uwa zai sauka Yamai cikin watan gobe, sai a sa a kar zuwa Damagaram. Ku faɗa mini giya nawa ce a baya don kada in sayo wadda ba za ta hau ba.

Bakaniken Keke, Sabon Gari:
Tara ce, Shimano. Ka haɗa da wayar birki da robobinsa in da hali, na jikin sun bushe. Kai kuma ka kawo mini yaron ranar Lahadi bayan azahar in auna tsawon ƙafarsa, don sirdin sai an sauke shi kaɗan. Rigar zan ba a wanke, a ɗinke wuyan.

Dattijo daga Mirya:
In ya fara fitowa ku ce masa garka ta uku bayan babbar kukar nan, hannun dama. Da randa a bakin ƙofa.